Abin da Hannun Jalo Ya Taɓa

A Unguwar Marke, ɗan ƙauyen da ke bayan Getso, idan namiji ya cika ba a tambayar wa zai yi masa wanka. Kafin kukan mata ya fito zaure an riga an aika wa Jalo. Zai zo a kan tsohon kekensa, da ganyen magarya a aljihu da farin tsumma a naɗe, ya jingine keken, ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi," ya shige. Daga nan ba a ƙara jin bakinsa sai "zuba" da "tsaya", waɗanda yake faɗa wa mai riƙe masa buta.

Asalin sana'arsa ginin rumbu, gadon gidansu. Tun yana ƙarami yake cuɗa laka, har tafinsa ya iya gane tsakuwa komai ƙanƙantarta ba sai ido ya taya shi ba. Buhu da sito suka zo suka kashe kasuwar rumbu, ya koma tufkar igiya, amma hannun bai manta karatunsa ba. Wankan gawa kuwa ya same shi ne a shekarar da sanƙarau ta shiga ƙauyen, manya suka ja da baya, limamin wancan zamani ya rasa mai kama masa. Jalo yana sabon aure a lokacin. Ya naɗe hannun riga ya shiga. Liman ya koya masa yadda ake lulluɓe mamaci daga cibiya zuwa gwiwa, a naɗe hannu da tsumma, a wanke ta ƙarƙashin mayafi ba tare da ido ya leƙa ba. Sannan ya ɗora masa sharaɗin da ya fi wankan nauyi.

"Abin da ka tarar a jikin mutum nasa ne, shi da Ubangijinsa. In alheri ne kana iya faɗa. In ba shi ba ne, a binne su tare."

Jalo ya riƙe wannan har gemunsa ya yi fari fat. Ya tarar da layu a inda ba a zato, ya tarar da tabon wuƙa a jikin mutanen da aka sani da sanyin hali, duk ya bar su a ƙarƙashin ƙasa. Matarsa ta rasu ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Shi ya sa ake girmama shi, shi ya sa kuma ake ɗari-ɗari da shi, kamar rijiya mai zurfi, ana shan ruwanta amma ba a son leƙa ta.

Mutum ɗaya ne ba ya jin nauyinsa, Haladu, taubashinsa. Uwar Jalo da uban Haladu ciki ɗaya suka fito, don haka tsakanin mutanen nan biyu babu maganar da ta fi ƙarfin wasa. Haladu yana kiransa Ungulu. Shi kuma yana kiran Haladu "gawata".

"Ina kwana, gawata? Har yanzu kana ja min rai?"

"Ungulu, koma kan bishiyarka. Ni zan zuba maka ƙasa, in dawo in ci tuwon sadakarka, in ce gishiri bai ji ba."

Haladu manomi ne na gaske, irin waɗanda makaɗan gayya suka taɓa fasa ganga a kansu. Shi ke riƙe da gandun gidansu, shi ke cewa yau a yi shuka, gobe a buɗe rumbu. Da ya haura saba'in jiki ya fara amsa masa kira a makare. An taɓa auna shi a Gwarzo aka ce hawan jini ne, ya sha ƙwayoyin har ya ji sauƙi, ya jefa sauran a gwangwani. Daminar bara ya kasa kai ƙarshen layi, babban ɗansa Ahmad ya karɓi fartanyar daga hannunsa cikin ladabi, ya ce, "Baba, ka zauna a inuwa, mu za mu ƙarasa." Haladu ya zauna. Amma duk wanda ya san shi ya san da marinsa Ahmad ya yi, da ya fi masa sauƙi.

A bazarar bana Sadiƙ dillalin awaki ya faɗi a kasuwa, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan riƙe da igiyar akuya. Kafin a samo mota ya cika. Kowa ya yi mamaki, domin a 'yan watannin nan Sadiƙ ya zama abin kwatance. Sa'an su Jalo ne, amma sai ga shi ya murmure, kafaɗa ta ciko, yana sungumar bunsuru shi kaɗai ya ɗora a mota.

Jalo ya je wanka. Da ya juya shi sai ya ga bayansa da ƙuraje, irin waɗanda ke feso wa yaro lokacin da muryarsa ke buɗewa. Ya kawar da ido. Da hannunsa ya bi ta ƙarƙashin mayafi kuwa, sai ya ci karo da ƙulle-ƙulle masu tauri a saman mazauni, hagu da dama, wasu sun daɗe, wasu sababbi. Ya san ƙullutun allura, ya sha taɓa shi a jikin waɗanda suka yi doguwar jinya. Amma Sadiƙ bai yi jinya ba. Jalo ya ce, "Zuba." Aka zuba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ana tsakiyar noman fari sai Abdulmumini mai faskare ya kife a gonarsa, kafin 'ya'yansa su rugo daga ɗaya gefen rai ya yi halinsa. Shi ma an yi ta yaba ƙarfinsa a bana. Jalo ya shiga ɗakin yana addu'ar kada hannunsa ya sake tarar da komai. Ya tarar. Ƙurajen nan, ƙulle-ƙullen nan, ga ƙafafu a kumbure kamar an hura su.

Bayan an dawo daga maƙabarta, dattawa suka zauna a gindin marken da ƙauyen ya ci sunansa, zato ya fara zagaya su kamar ƙoƙon fura.

"Maganin feshin nan ne," in ji wani. "Abin da ke ƙone ciyawa tun daga saiwa, mutum zai bari?"

"To Sadiƙ feshi yake yi? Ni dai tun da aka kafa ƙarfen sabis ɗin can ban ƙara barci mai daɗi ba."

"Ku bar ƙarfe. Ɗanɗanon da mata ke marmasawa a miya fa?"

Wani ya rage murya ya tuna musu cewa mamatan biyu sun taɓa rigimar iyakar gona da mutum ɗaya, bai faɗi suna ba, amma kawuna suka juya gabas. Can sai aka waiwayo ga Jalo.

"Malam Jalo, kai da ka yi musu wanka, ba ka ga wata alama ba?"

"Allah ya jiƙansu," in ji Jalo.

Abin da ya tsaya masa a rai ba tambayar ba ce. Haladu ne, wanda kullum muryarsa ke danne ta kowa a majalisa, yau yana gefe yana tonon ƙasa da tsinke.

Daga ranar ya fara kallon taubashinsa da wani ido. Haladu na bana ba na bara ba ne. Ya ƙwace fartanyarsa daga hannun Ahmad, yana gaba samari na bin sa. Wuyansa ya cika, idonsa ya yi ja, abu kaɗan sai faɗa, har jikarsa ya daka wa tsawa a kan ta zubar da ruwan buta. Mutane suna cewa Allah ya mayar wa Baba Haladu da ƙuruciyarsa. Jalo yana jin wannan yabon kamar ana kaɗa masa gangar da ya riga ya ji sau biyu.

A masallaci ya samu abin da yake tsoro. Kafaɗa da kafaɗa suke tsayuwa shi da Haladu a sahun gaba tun suna da baƙin gemu. Da aka zo zaman tahiyar ƙarshe, inda mutum ke sauke nauyinsa a kan ƙugun hagu, sai ya ji Haladu ya ja numfashi ta haƙora, ya ɗan ɗago, ya karkata dama kamar wanda ya zauna a kan ƙaya. Da la'asar haka, da magariba haka. Bayan an kwana biyu ciwon ya koma dama.

Ya gwada ta hanyar da ya saba. Suna neman takalma a ƙofar masallaci ya ce, "Gawata, wa ke sassoke ka a baya? Na ga kana zama kamar kaza a kan ƙwai mai zafi."

Haladu ya ɗan tsaya, sannan ya fashe da dariya har da tafi. "Ku ji Ungulu! Ya gaji da jira, ya fara leƙen nama tun yana tafiya. Maruru ne, ɗan baƙin ciki. Ko za ka zo ka matse min?"

Jama'a suka yi dariya, Jalo ma ya yi. Ya koma gida ya zauna da igiya a hannu bai tufka ko taƙi ba. Ya gane cewa wasan da suka gina tun suna yara ya zama katanga. Duk abin da ya fito daga bakinsa zuwa kunnen Haladu, ko wuta ce, ruwa zai zama kafin ya isa.

Akwai wani abu kuma. Haladu ya tsiri zuwa wata kasuwa ta ɓangaren Kabo, can wajen Garo, alhali ba ya kai komai, ba ya kawo komai sai ɗan rake. Ranar kasuwar da ta zagayo Jalo ya ɗaure igiyoyinsa a bayan keke ya bi hanya. Ya shimfiɗa kayansa a inda zai iya hango rumfunan baya. Bai daɗe ba ya lura da su. Dattawa ne, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya waiga hagu da dama kamar mai neman wurin tsugunno, ya kewaya bayan ɗakin injin niƙa, ya fito yana gyara mazagin wando yana ɗan ɗingishi. Haladu ya shiga, ya fito, bai gan shi ba.

Da rana ta karkata Jalo ya kewaya shi ma. Wani mutum ne mai tsabtar kaya da ƙamshin turare, zaune a benci da baƙar jaka a cinya. Ya tashi ya ba Jalo wuri har da rusunawa.

"Sannu da zuwa, Baba. Wa ya turo ka?"

"Ƙafata."

"To ai ta kawo ka gida. Gwiwa ce ta yi sanyi, ko kasala, ko kuwa harkar cikin gida? Wannan allurar ba irin maganin masu lasifika ba ce, daga waje take zuwa. Ɗaya za ka yi, ka ji kamar an sauke maka buhu daga ka."

"Ba a auna mutum?"

Mutumin ya yi murmushi. "Baba, ai ido ma ma'auni ne."

Jalo ya ce zai yi shawara. Da zai tashi ya saki hularsa ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauke ta tare da wata 'yar kwalba da aka fasa wa wuya, cikin tarin 'yan uwanta a gindin bencin.

Washegari ya hau mota zuwa Gwarzo wurin Haidar, ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin jinya a asibiti. Ya same shi ya fito shan iska, ya ja shi gindin wata darbejiya, ya kwance bakin hularsa ya miƙa masa. Haidar ya juya kwalbar yana karanta jikinta, ya ɗago a tsorace.

"Kawu, ina ka samo wannan?"

"A ƙasa."

"Kawu, ba dai kai ne ka..."

"Kai, ɗan nema! Mai tufkar igiya me zai yi da ƙarfi? Faɗa min abin da ke ciki."

"Sinadarin mazantaka ne, testosteron. Jikin kowane namiji yana yin sa da kansa. Shi ke buɗe wa yaro murya, ya fito masa da gemu, ya cika masa damtse. In shekaru suka ja yakan ragu a hankali, kamar rijiya da rani. Akwai waɗanda nasu ke ƙafewa sosai, likita ya auna jininsu, ya ba su daidai gwargwado, yana bibiyarsu. Wannan magani ne. Amma a ɗirka wa tsoho ba awo, ba a san yawan da aka zuƙa ba, ba a ma san ko abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki ba..."

"Sai me?"

"Jini yakan yi kauri. Hawan jini ya ƙaru, ƙafa ta kumbura, bugun zuciya ya rikice. Wani jinin ya dunƙule ya toshe hanya. Ga shi mutum yana jin ƙarfi, sai ya ɗora wa tsohuwar zuciya aikin saurayi."

"Tana kisa ke nan."

"Ban ce ba, Kawu. Masana ma ba su gama daddale magana a kanta ba. Mai shekara saba'in da hawan jini yana iya faɗuwa ko bai taɓa ganin allura ba. Abin da na sani shi ne, in mutumin naka ne, kawo shi a auna shi, kada a jira. Wane ne?"

"Mutum ne," in ji Jalo.

A mota yana kallon gero ya kai gwiwa, kore shar har inda ido ya tsaya, yana auna abin a ransa. Da zai miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa a jikin mutum biyu, da Haladu ya ji, da kowa ya ji. Amma matar Abdulmumini tana cikin takaba. Sadiƙ ya bar 'yan mata da ba a kai ɗaki ba. Ya san bakin ƙauyensu, ba wanda zai ce gona ko kasuwa suka nemi ƙarfi dominta, za a ce tsofaffi ne suka mutu wurin neman abin kunya, sunan ya bi jikoki. Kuma ko ya faɗa, Haidar ma bai ce ita ce ba. Zai tone mamata biyu a kan zato. Idan kuma ya yi shiru, yana ji a tafin hannunsa wanda zai wanke na uku.

Da safe ya nufi gonar Haladu. Ya sauka daga keke tun daga nesa, ya tuɓe takalmi a bakin gona, ya tako har gabansa, ya durƙusa.

"Barka da aiki, Malam Haladu. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya ibada?"

Haladu ya dogara da ƙotar fartanya yana dariya. "Yau kuma da wane salo Ungulu ya zo?"

"Allah ya ba da amfani mai albarka. Na bar ku lafiya."

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya tafi. Ahmad da ƙannensa suka bi shi da kallo, suka kalli ubansu.

Haka ya ci gaba. A masallaci ya bar gurbinsa ya koma ƙarshen sahu. In sun haɗu a hanya ya rusuna ya yi doguwar gaisuwa irin wadda ake yi wa suruki ko baƙon malami. Haladu ya tsokane shi da Ungulu, ya tsokane shi da tsohon kekensa, har da zancen wata budurwa da ta ƙi shi tun zamanin da ake awo da ƙwarya, Jalo dai sai "Allah ya huci zuciyarka, Malam." A Unguwar Marke an saba ganin wa da ƙane sun ɓata, an saba ganin miji da mata, amma taubasai su daina wasa, wannan ba a san maganinsa ba. Zato ya bar ƙarfen sabis ya dawo kansu. Wasu suka ce tsohuwar gonar kakarsu ce. Wasu suka ce ai mai wankan gawa yakan ji ƙamshin ƙasa a jikin wanda kwanansa ya matso, shi ya sa ya fara yi masa ladabin bankwana. Wannan ta biyun ce ta kai kunnen Sauda, matar Haladu, ta ajiye masa tuwo ta tsaya a kansa.

"Malam, me ka yi wa Jalo? Ko kuwa me ya gani?"

Bayan la'asar Haladu ya faɗo zauren Jalo ba sallama, yana haki, jijiyar wuyansa a tashe.

"Kai, wane irin wulaƙanci ne wannan? Ka sa gari yana kallona kamar an auna min likkafani! In wani abu na yi maka, faɗa min a fuskata."

Jalo ya ajiye igiya. Ya tura masa buzu. "Zauna, Malam. Ta ɓangaren da ba ya ciwo."

Haladu bai zauna ba.

"Dama ina neman ka," in ji Jalo. "Ka fara neman wanda zai yi maka wanka. Akwai wani a Getso, an ce hannunsa da sauƙi. Ni ba zan yi ba."

Haladu ya buɗe baki zai yi dariya, ya duba fuskar Jalo, dariyar ba ta samu wurin sauka ba. Tun da ya san shi bai taɓa jin ya ƙi gawa ba, ko ta mahaukaci, ko ta baƙon da aka tsinta a hanya.

"Me ka gani a jikin Sadiƙ?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ban ambaci Sadiƙ ba."

"Abdulmumini fa?"

"Allah ya jiƙansu. Ni da mai rai nake magana. Na ga zamanka a sahu, na ga shigarka bayan injin niƙa, na ɗauko kwalbar na kai wa Haidar. Abin da na gani a jikinka da idona, kana tafe da ƙafarka, ba amanar kowa ba ce."

Haladu ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauka a hankali ya zauna a kan ƙugu ɗaya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Sadiƙ ne ya kai ni," ya ce. "Shi ya kai Abdulmumini ma. Kana tsammani ban yi wannan tunanin ba? Tun ranar da aka binne na biyu nake yin sa. Sai in ce ajali ne. Sai ranar kasuwa ta zo, in ji jikina ya fara komawa toka, in tashi in tafi." Ya murza hular. "Kai ba ka sani ba, Jalo. Aikinka ba mai ƙwace maka, ba mai so. Ni ɗan da na haifa ya ce min zauna a inuwa. Na zauna ina kallon gonata kamar baƙo, ana kawo min ruwa, ana min sannu. Mutanen banza suna zaton don ɗaki ake yi. Wallahi ni don in kai ƙarshen layi ne."

"Ƙirjin fa?"

Haladu ya kalle shi da sauri, irin kallon wanda aka kama hannunsa a tukunya.

"Wa ya faɗa maka?"

"Yanzu ka faɗa min."

"Wani lokaci," in ji Haladu, "in na taho hawan nan na bakin rafi, sai in ji kamar an ɗaure ni da igiyar guga ana ja. Wani lokaci kuma ta riƙa fiffika a ciki kamar tsuntsu a kwando. In na tsaya sai ta lafa."

"Gobe motar farko."

"In na ƙi fa?"

"Na ba ka sunan garin da za a aika."

Suka tafi. Haidar ya gan su tare, ya gaida Kawu, ya gaida Baba Haladu, bai nuna ya taɓa ganin wata kwalba ba. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya tambayi abin da Haladu ya fi tsoro, Haladu ya amsa yana kallon bango. Jinin ya yi kauri, hawan jinin ya kai inda ba a barin mutum ya koma gida. Aka kwantar da shi, aka rage masa jini, aka ɗora shi a kan magani. Likita ya faɗa masa gaskiya tun da wuri: idan aka bar allurar, kasalar da za ta biyo baya sai ta fi ta da, domin jikin da aka saba kawo wa daga waje yakan daina yin nasa, sai a hankali yake tunawa.

Haka kuwa aka yi. Haladu ya dawo gida ya zube kamar rumbun da ruwa ya ci gindinsa. Kafaɗar ta tafi, wuyan ya koma na tsoho. Ahmad ya ƙarasa maimai, ya yi yankan gero, ba tare da an ce masa ya karɓa ba. Ƙauye ya ce ashe Jalo ya ji ƙamshin ƙasar da gaske, sai dai Allah ya yi da sauran kwana. Wasu kuma suka ce tun da aka kai shi asibiti aka zuƙe masa jini ai dole ya lalace, mutum yana zaman lafiyarsa. Mai baƙar jaka ya bar bayan injin niƙa bayan Haidar ya kai maganarsa inda ta dace, aka ce an gan shi a wata kasuwar can gaba. Dattawan da ke kewayawa wurinsa ba wanda ya san inda suka koma kewayawa.

Da kaka Jalo ya biyo ta gonar ana ɗaurin dawa. Haladu yana zaune a tabarma a gindin wata ɗorawa, da sanda a gefe da ƙullin magani a aljihun gaba. Jalo ya jingine keke ya yi sallama. Haladu ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Ka ci min damina guda," ya ce.

"Na ci."

"Kuma har yau ba ka da tabbacin ita ce. Wataƙila da na ci gaba, da yanzu ni ke ɗaurin nan."

"Wataƙila."

"Likitan ma da na matsa masa cewa ya yi ba zai rantse ba."

"Ni ma ba zan rantse ba."

Haladu ya yi tsaki. Ya daɗe yana kallon samarin suna tara kan dawa, ja da fari, rana tana sauka a kansu. Sannan ya ja jikinsa gefe, ya bar rabin tabarmar a fili, ya ɗaga sanda ya nuna.

"Kai, Ahmad! Wannan damin da ka ɗaure, ko akuya ta yi atishawa sai ya watse. Kwance shi ka sake!"